Kiranyen Motoci: Wa Zai Gyara Maka Idan Aibin Daga Masana'anta Ne?

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan fitowa, dukkansu daga Jihar Kebbi, kuma duk da cewa masu su ba su san juna ba, damuwarsu ta haɗu a wuri guda: motar da mutum ya zuba tarin guminsa ya saya, idan aka gano tana da aibi tun daga masana'anta, wa ke da alhakin sanar da shi, wa kuma zai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Jega. Shekara shida ke nan da na sayi Toyota Corolla ƙirar 2004, 'yar Beljiyam, wadda dillalin ya shaida mini cewa daga Amurka aka kawo ta, kuma ban taɓa samun wata babbar matsala da ita ba. Kwanakin baya ɗan yayana da ke karatu a waje ya bugo mini waya hankali a tashe, yana cewa kamfanin ya yi gargaɗin a daina tuƙa irin wannan mota saboda jakar iskarta tana kashe mutane. Bakanikena ya ce maganar Turawa ce kawai, tunda motar tana tafiya lafiya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar ɗanka ita ce gaskiya, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke ta da wasa. A watan Janairun 2024 kamfanin Toyota ya fitar da gargaɗin a daina tuƙa motoci kimanin 50,000 a Amurka har sai an gyara su, kuma waɗanda gargaɗin ya shafa su ne Corolla da Matrix ƙirar 2003 da 2004, da RAV4 ƙirar 2004 da 2005. Kafin wannan, a watan Fabrairun 2023, Honda ta yi irin wannan gargaɗi a kan wasu tsofaffin motocinta, ciki har da Accord da Civic ƙirar 2001 da 2002. Duk wanda ya san titunan Birnin Kebbi da Jega da Argungu ya san cewa waɗannan ba baƙin motoci ba ne a wurinmu.

Bakanikenka bai yi ƙarya ba da ya ce motar tana tafiya lafiya, sai dai aibin da ake magana a kai ba ya cikin inji, ba ya cikin giya, ba kuma ya yin ƙara balle kunnen gwani ya ji shi. A bayan jakar iskar, wadda masu gareji ke kira iyabag, akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyin sinadari. Idan mota ta yi karo, sinadarin yakan kama da wuta nan take, ya fitar da iskar da ke cika jakar kafin ƙiftawar ido. Wani kamfanin Japan mai suna Takata, wanda ya daɗe yana sayar wa masu ƙera motoci wannan na'ura, ya riƙa amfani da amoniyam naitiret, wato sinadarin da manoma suka sani a wasu nau'o'in takin zamani. Shi kuwa wannan sinadari, idan ya yi shekaru yana shan zafin rana da sanyin dare da laimar iska, ƙwayoyinsa sukan lalace, sai ya zama ranar da aka yi karo yana ƙonewa da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su yi kan fuska da wuyan wanda ke zaune. An samu waɗanda suka rasu a ƙaramin karon da ko ƙarzanewa bai kamata su yi ba. Mutum fiye da 20 ne suka rasa rayukansu ta wannan hanya a Amurka kaɗai, an kuma samu mace-mace a Malesiya, ƙasa mai zafi da laima. Na'urori kimanin miliyan 67 aka nemi a sauya a Amurka, a motocin kamfanoni 19, shi kuwa Takata ya durƙushe a watan Yunin 2017.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yanayinmu. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, NHTSA, ta tsara yadda za a yi gyaran, jihohi masu zafi da laima irin su Fulorida da Hawai ta sa a gaba, domin a can sinadarin ya fi saurin lalacewa. To, Malam, ka dubi motar da ake ajiyewa a rana a farfajiyar makaranta a watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, sannan damina ta zo da laimarta, musamman ga mutanen Yauri da sauran garuruwan bakin Kwara. Motar da ta haura shekara ashirin a duniya, shida daga ciki a wannan yanayi, ba a yi mata zaton alheri ba tare da an bincika ba.

Wannan abu da kamfanoni ke yi shi ne kiranye, kamar dai yadda muke jin kalmar a siyasa idan mazaɓa ta nemi wakilinta ya dawo gida. Kamfani yakan aika wa duk mai irin motar takarda cewa ya kawo ta a sauya abin da ya lalace, kuma dokar Amurka ta tilasta a yi gyaran kyauta. Inda gizo ke saƙar shi ne, takardar tana bin adireshin wanda ya yi wa motar rajista a can. Da zarar an sayar da ita a gwanjo, aka loda ta a jirgin ruwa, ta sauka a Legas ko Kwatano, ta bi hannun dillalai uku ko huɗu kafin ta iso Jega, igiyar da ta haɗa ta da kamfanin ta tsinke, kuma babu wanda ya san tana hannunka. Saboda haka kai ne za ka nemi labarin, ba labarin ne zai neme ka ba.

Hanyar kuwa ba ta da wuya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, kuma za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka kwafe ta a hankali, ka tuna cewa babu haruffan I da O da Q a cikinta, don haka duk abin da ya yi kama da su alƙalami ne. Ka tura wa ɗanka, ko ka sa wani ɗalibinka mai waya ya shigar da ita a shafin intanet na NHTSA, wanda ba a biyan ko kwabo, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Sai dai kada ka tsaya a nan, domin shafin hukumar ba lallai ne ya nuna kiranyen da ya wuce shekara 15 ba, kuma motocin kasuwar Amurka kaɗai ya sani. Ka sake shigar da lambar a shafin kiranye na Toyota kanta. Mai yiwuwa ne wanda ya riƙe motar kafin kai ya riga ya kai an sauya, ka ga sai hankalinka ya kwanta.

Idan kuwa ya nuna ba a gyara ba, ka rubuta wa wakilin Toyota na Nijeriya ko dilan da suka amince da shi, ka ba su lambar, ka nemi su faɗa maka a rubuce yadda za a samu sabuwar na'urar da kuma wanda zai biya. Dokar da ta tilasta gyara kyauta ta Amurka ce, ikonta bai tsallako teku ba, amma kamfani mai kishin sunansa ba ya son a ji cewa na'urarsa ta kashe mutum a ko'ina. A irin Corolla ɗinka, jakar da ke gaban fasinja ce ake tsoro. Gargaɗin kamfanin shi ne a ajiye motar gaba ɗaya, kuma ba zan rage masa ƙarfi ba. Na san malamin makaranta ba shi da mota ta biyu, amma mafi ƙarancin abin da za ka yi daga yau shi ne kada uwargida ko yaro ko wani da ka rage wa hanya ya sake zama a kujerar gaba, tare da sanin cewa wannan rage haɗari ne kawai, ba kawar da shi ba. Abu guda kuma da nake gargaɗinka a kai da babbar murya: kada ka yarda a sayo maka wata jakar iska ta Beljiyam daga kasuwar kayan gyara a maye gurbin taka, domin daga irin motarka aka ciro ta, kuma tana iya kasancewa mai irin aibin.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Birnin Kebbi, na kusa ritaya, kuma na daɗe ina tara kuɗi ta hanyar adashi da ƙungiyar taimakon juna ta ofishinmu domin in sayi motar da za ta kai ni ƙarshen aiki har bayansa. Maigidana ya ce in sayi 'yar waje ta hannu, wai ƙarfen Bature daban ne. Ƙanena kuma ya ce in daure in sayi sabuwa haɗin Nijeriya, tunda kullum muna jin ana yi wa motocin waje kiranye, alamar ba su da inganci ke nan. Ina neman shawararku.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a gama aiki lafiya. Zan fara da maganar ƙanenki, domin kuskure ne da mutane da yawa suke yi. Yawan jin labarin kiranye a wata ƙasa ba shi ne shaidar cewa motocinta sun fi lalacewa ba. Shaida ce cewa akwai hukumar da ke tattara ƙorafin jama'a, da kotunan da ke cin tara, da 'yan jaridar da ke bin diddigi. A 2014 gwamnatin Amurka ta ci Toyota tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ta sani game da motocin da totur ɗinsu ke maƙalewa. A shekarar ce kuma General Motors, wanda kamfanin gida ne a wurin Amurkawa, ya yi wa ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 kiranye saboda makunnin da ke kashe inji ana cikin tafiya, ya hana jakar iska buɗewa, kuma asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Kin ga ke nan na waje ya yi laifi, na gida ma ya yi. Ƙasar da ba a taɓa jin an yi kiranye a cikinta ba, abin tambaya shi ne ko akwai mai dubawa.

Shi ma batun ƙarfen Bature yana bukatar gyara. Yawancin motocin da muke kira na Japan ba a Japan aka ƙera su ba. Camry da ke yawo a titunanmu galibi daga masana'antar Toyota ta jihar Kentaki suka fito, Accord daga ta Honda a jihar Ohayo, Corolla da dama kuma daga Kanada ko Kalifoniya. Harafin farko na lambar shasi yana faɗa: J Japan ce, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, W Jamus, K Koriya. Haka nan motar da aka haɗa a Nijeriya, injinta da giyarta da na'urorin lantarkinta galibi shigo da su ake yi a akwatuna, a nan a ɗaura. Don haka rabon da ke tsakanin 'yar waje da 'yar gida bai kai kaifin da ake ba shi a hira ba.

Ni dai ina da son ganin masana'antunmu sun tashi, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya kai shekarunmu yana tuna lokacin da Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta cika ƙasar nan da 504, motar da aka ɗaga ƙafarta aka ƙarfafa ta domin hanyoyinmu, wadda babu garin da za ta lalace a rasa mai gyara ko kayan gyaranta. A wancan zamani akwai Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da ANAMMCO a Inugu, da masana'antar manyan motoci a Kano, kafin faɗuwar darajar naira bayan 1986 da kwararowar motocin hannu su durƙusar da mafi yawansu. Yau akwai Innoson a Nnewi ta Jihar Anambra, wadda aka buɗe a 2010, akwai kuma kamfanin Dangote da Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Amma kishin ƙasa ba ya tare karo, kuma kuɗin da kika yi shekaru kina tarawa ba na gwaji ba ne.

Babban abin da sabuwar mota haɗin gida ke ba ki shi ne wanda za ki kama. Sunanki na cikin littafin kamfanin, akwai takardar garanti, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ɗora wa mai ƙera kaya da mai sayarwa alhakin sanar da jama'a da janye kayan da aka gano suna da haɗari. Mai motar Beljiyam ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kamar yadda kika gani a amsar da na ba Malamin Jega. Sai dai kasancewar mota sabuwa dal ba ya nufin ta fi tsare rai. Ƙungiyar Global NCAP, mai gwada motoci ta hanyar haɗa su karo, ta ba Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa sabuwa a kasuwar Afirka sifili a ma'aunin kare manya a 2018, sannan a 2020 ta haɗa ta karo da 'yar'uwarta ta hannu ƙirar 2015 da aka yi don kasuwar Turai, kuma tsohuwar ce ta fi kare direbanta. Dalili shi ne dokar kasuwar da aka yi wa motar. Alal misali, na'urar da ke hana mota zamewa a kwana ta zama tilas a sababbin motocin Amurka tun ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma tun 2014.

Ita kuma ta hannu, haɗarinta tarihinta ne. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa ƙananan motoci na hannu miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. A cikinsu akwai masu lafiya, akwai kuma waɗanda kamfanonin inshora suka yanke wa hukuncin cewa gyaransu ya fi kuɗinsu, saboda mummunan karo ko ambaliya, aka yi gwanjonsu, fanbita ya daddaɓe su, mai fenti ya shafe.

Shawarata ita ce, idan kuɗinki ya kai na sabuwa, ki nemi kamfanin ya ba ki amsa a rubuce kafin ki biya: jakar iska nawa motar take da su, tana da birkin da ba ya kullewa da na'urar hana zamewa, shekara nawa ko kilomita nawa garantin zai ɗauka, kuma ta wace hanya suke sanar da masu motoci idan sun gano aibi. Ki kuma tambayi inda garejinsu mafi kusa da Birnin Kebbi yake, domin garantin da sai an ɗora mota a kan babbar mota zuwa Kaduna ko Abuja kafin a ci moriyarsa, rabin garanti ne. Idan amsoshin sun gamsar, na fi karkata ga sabuwar, musamman ga mai shirin ritaya da ba ta bukatar yawan zuwa gareji. Idan ba su gamsar ba, ko kuɗin bai kai ba, ki sayi ta hannu, amma ki sa a duba lambar shasinta a shafin kiranye, ki biya ɗan abin da ake biya a ciro rahoton tarihinta daga kamfanin Carfax ko makamancinsa, ki kuma tabbatar lambar da ke jikin motar ita ce a takardun kwastan. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a jiharmu mai iyaka da Nijar da Binin, domin a farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata duti yadda ya kamata ba tana iya tsayawa a shingen kwastan, ke ki dawo gida a motar haya.

Tambaya: Ni direban haya ne, ina ɗaukar fasinja daga Yauri zuwa Kontagora. Wata fitila mai rubutun SRS ta kama a dashbod ɗin motata ta ƙi mutuwa. Mai wayarin ya ce zai cire ƙwan kawai in huta. Akwai illa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma babba ce. Wannan fitila ita ce bakin da kwamfutar jakar iska ke magana da shi. A mota mai lafiya takan kama idan ka murɗa makulli, ta yi daƙiƙa kaɗan tana gwada kanta, sannan ta mutu. Idan ta ƙi mutuwa, to ta ga matsala, kuma a motoci da yawa hakan yana nufin jakar ba za ta buɗe ba ranar da aka yi karo. Cire ƙwan ba ya gyara komai, rufe bakin mai gargaɗi ne kawai, alhali kai ne mafi kusa da sitiyari, kuma kana ɗauke da amanar rayukan mutane a hanyar da manyan motoci ba sa yankewa a kanta. Ka kai ta wurin mai na'urar da ake jonawa da mota ta karanto matsalar. Sau da yawa abin bai wuce wayar da ta saki a ƙarƙashin kujera ba, ko zaren wayar da ke cikin sitiyari ya tsinke, kuma gyaransu ba ya cin kuɗi sosai.

Wannan dabara ta cire ƙwai ita ce wasu masu sayar da motocin da suka yi haɗari ke yi, bayan sun cusa tsumma a gurbin jakar da ta fashe sun liƙe murfin. Don haka duk mai duba motar da zai saya ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya zuba wa fitilar ido: wadda ba ta kama ba sam abin zargi ce, haka ma wadda ba ta mutuwa sai tare da fitilar man inji a daidai lokacin da inji ya tashi, domin alama ce ta an haɗa wayoyinsu. Kai kuma, har zuwa ranar da za a gyara taka da ma bayanta, ka ɗaura bel, ka sa na gaba ya ɗaura, kada kuma ka ɗauki mutum biyu a kujerar da aka yi wa bel ɗaya.